Shafi Goma Sha Ɗaya da Ba Nata Ba

Ni ne na yi laifin, ba Falmata ba. Da wannan na fara domin na san halina, in na bar shi sai ƙarshe zan yi ta kewaye-kewaye har takarda ta ƙare. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin cewa 'yar'uwarku ta maimaita shekarar ƙarshe a jami'a saboda an kama ta da satar rubutu. Wasunku sun tsokane ta da maganar a gidan suna, ina zaune ina ji, ban buɗe baki ba. To, ba ta saci komai ba. Ni na ɗauki shafi goma sha ɗaya na rubutun wata na cusa a cikin aikinta, ba da saninta ba, da aka tambaye ni kuma na yi ƙarya.

Kun san gidanmu na Gwammaja gidan rubutu ne. Kakanku Goni Modu, wanda iyayensa suka zo daga Barno tun kafin a haife shi, da ka yake rubuta Alƙur'ani. Na tashi ina ganinsa a zaure da alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada, in ɗigo ɗaya ya kauce sai ya ajiye takardar gefe ya ɗauki sabuwa. Manyan mutane masu gemu suke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, kuma wanda ya fi daraja a cikinsu shi ne wanda zai mayar masa da bayaninsa yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi. In wani ya yi haka sai ka ga fuskar tsohon ta saki. Ya sha gaya mini:

"Bukar, bakinka bai kai ya ƙara ba, bai kai ya rage ba. Yadda ka ji, haka za ka mayar."

Ni ban yi zurfi a karatun zaure ba, ban kuma yi a boko ba. Da na gama firamare aka kai ni wani shago wajen Ƙofar Ruwa na koyi tafireta, daga nan na samu aikin buga takardu a sashen nazarin Hausa na jami'a. Na yi shekara talatin da 'yan kai a kan kujera ɗaya, daga tafireta har aka kawo kwamfuta. Abin alfaharina shi ne ban taɓa canja wa kowa kalma ba. Har tambayoyin jarrabawa ni ake ba wa in buga, a kulle ni a ɗaki ni kaɗai, domin an ce Malam Bukar ba ya gani ba ya ji.

A cikin duk abin da na buga, babu wanda ya shiga raina kamar kundin wata matashiya mai suna Rabi, a kan sana'o'in matan cikin birni. A lokacin, da goyo take zuwa, ta tsaya a bakin teburina tana jijjiga yaro ina bugu. Hausarta tana da nauyi, jimla ta taso ta yi tafiya ta sauka daidai. Da muka gama ta ce in riƙe kwafin kabon, wato na biyun da tafireta take fitarwa, in ina so. Na kai shi gida na sa a akwatin ƙarfe tare da takardun gado. Wannan Rabin ita ta zama Dokta Rabi, mai koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake rubutun bincike, kuma mai duba musu aikin kammalawa. Ɗalibai Jan Biro suke ce mata a bayan idonta. Falanki ne kawai ya raba ofishinta da teburina, saboda haka duk abin da take yi a kunnena take yi. Ba ta cika faɗa ba. Sai ta sa ɗalibi ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, sannan ta ce ya rufe takardar ya faɗa mata da bakinsa. In ya kasa, ta san ba nasa ba ne. Na taɓa jin ta da wani dogon saurayi:

"Malam Sani, wannan jimlar ta fi ƙarfin wuyanka. A ina ka aro ta?"

"A littafi na gani, Malama."

"To, mai littafin ba shi da suna ne? Rubuta sunansa kafin ya fara cigiya. Bayan haka ka gaya mini, shi ya ce haka, kai kuma me ka ce?"

Na ji wannan tambayar ya fi a ƙirga. Wa ya ce, kai kuma me ka ce. Ina jin ta ina bugu, a raina ina cewa tsanani ne kawai irin na malaman boko. Ina yaro ɗan shekara ashirin yake da abin cewa a gaban magabata? Shekaru ina zaune a bakin wannan darasi, ko harafi ɗaya bai shige ni ba.

Falmata sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiran ta Uwata. A cikinku ita ce take zama kusa da ni in na dawo aiki, ta kawo mini kunun gyaɗa, ta karanta mini abin da ta rubuta. Da ta kai ajin ƙarshe a sashenmu, sai aka haɗa ta da Dokta Rabi. Ta zaɓi ta yi bincike a kan matan unguwarmu masu ɗinkin hula, yadda uwa take koya wa 'yarta. Gida-gida ta bi da littafinta, ta zauna da tsofaffi a kan tabarma, har yatsanta ya yi kanta saboda sun ce ba za su gaya mata komai ba sai ta riƙe allura. Babi na biyu, inda ake bitar abin da masana suka riga suka faɗa, sau huɗu Dokta tana dawo mata da shi jawur. Ranar da Dokta ta amince da na biyar, Falmata ta shigo gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Baba, yau ta ce ta fara jin muryata."

Mahaifiyarku Yagana tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Da can muryar wa take ji? Mu da muke fama da ita tun asuba."

Falmata ta ba ni aikin a rubuce da hannu in buga mata. Da na zo babi na biyu sai na dakata. Hausar a miƙe take, gajerun jimloli, kamar hirar tsakar gida. Wannan ma da sauƙi. A tsakiyar babin ta kawo maganar Dokta Rabi ta cikin wancan kundin, inda ta ce ɗinkin hula sana'a ce da mata suke yi don cike lokaci, sannan ta rubuta cewa ita ta saɓa da malamarta, domin abin da ta gani a Gwammaja ba haka ba ne. Na karanta wurin sau uku. Ɗaliba ta ce malamarta ta yi kuskure, a rubuce, a takardar da malamar za ta ba wa maki. A gidanmu ko da wasa ba a yin wannan. Ban tsaya na yi tunanin cewa Dokta ta riga ta karanta babin ta amince da shi ba. Na ce a raina ko dai idonta ya tsallake wurin, ko kuma ta yi shiru ne tana jiran ranar maki.

Sai na tuna fuskar kakanku in an mayar masa da bayaninsa. Na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko kwafin kabon. Na cire shafukan Falmata, na buga na Dokta a gurbinsu, shafi goma sha ɗaya, kalma da kalma. Ban sa suna ba, ban sa wata alama ba, domin a ganina rashin kunya ne ka gaya wa malami cewa maganarsa tasa ce. Wallahi ina bugu ina jin daɗi. Gani nake za ta buɗe ta ga maganarta ta dawo mata daga hannun ɗalibarta, ta ce yarinyar nan 'yar gidan ilimi ce.

Ranar Juma'a ake rufe karɓar aiki, Falmata kuma tana kwance da zazzaɓi tun Laraba. Ni na kai aka ɗaure kundin da baƙin bango. Na kawo mata shi a ɗaki na buɗe shafin da ɗalibi yake sa hannu cewa aikin nan nasa ne.

"Baba, bari in ɗan duba."

"Shekara talatin ina bugu ba wanda ya duba ni, sai yau uwata za ta fara?"

Ta yi dariya ta sa hannu.

Bayan mako biyu, da hantsi, na ji Dokta ta aika a kira ta. Na ji an ja kujera. Na ji an ce ta buɗe babi na biyu ta karanta. Ta fara da ƙarfinta, ta yi layi biyu, sai muryar ta yi ƙasa, sai ta tsaya. Na ji ana juya shafuka da sauri, gaba da baya.

"Rufe," in ji Dokta. "Faɗa mini da bakinki."

Na ji an rufe kundin, sai Dokta ta ci gaba:

"Falmata, ina babin da muka yi wata uku muna yi? Wannan rubutuna ne. Na yi shi kina cikin zanin goyo. Wa ya buga miki aikin nan?"

Na daina bugu. Can na ji 'yata ta ce:

"Ni na sa hannu, Malama."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Ni na sa hannu."

Dokta ta fito ta zagayo teburina da kundin a hannunta. Falmata tana tsaye a bakin ƙofa a bayanta. Ta ce, "Malam Bukar, kai ka buga wannan?" Na miƙe tsaye na ce, "Ni na buga, ranki ya daɗe. Abin da aka ba ni na buga." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce to, ta koma. Ban ɗaga ido na kalli ƙofa ba. Takun takalmin Falmata kawai na ji yana sauka daga bene.

Kuna iya tambaya me ya hana ni faɗin gaskiya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ruɗewa ce. Ba ruɗewa ba ce, domin an yi wata guda kafin kwamiti ya zauna, kullum ina wucewa ta ƙofar Dokta sau huɗu. Shekara ɗaya ta rage mini in yi ritaya. Na hango ana cewa mutumin da ake kullewa da tambayoyin jarrabawa ashe yana taɓa takardun mutane. Na hango maganar ta iso masallacin unguwa, ana cewa ɗan Goni Modu ne. Na auna sunana da nata, na ce ita yarinya ce, za a manta. Kwamiti ya soke aikin, ya ce ta maimaita shekara da sabon batu, kuma an ce da Dokta ba ta tsaya mata ba da kora ce. Takardar hukuncin a cikin tiren aikina aka ajiye ta tare da sauran wasiƙun ranar. Na buga ta. Na buga sunan mahaifiyata a samanta, ba kuskure ko ɗaya, na kai aka sa hannu.

A gida Yagana ta same ni a zaure ta ce, "Malam, yarinyar nan ko naman miya ta ɗauka sai ta faɗa. Me ya faru?"

Na ce, "Ƙaddara ce."

Ta ce, "To," ta ɗauki kwanon da ban taɓa ba ta shiga ciki.

Falmata ta koma gidan gwaggonku a Goron Dutse, ta ce ya fi mata sauƙin samun mota. Abokan karatunta suka tafi bautar ƙasa, ita tana shiga aji da ƙannenta, ana nuna ta da baki. Kowace Juma'a takan zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," in ce lafiya lau Uwata, ta tashi ta shige wurin mahaifiyarta. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa gaya wa ɗayanku ba. Kunu kuwa ƙanwarta take ba wa ta kawo. Sabon aikin da ta yi, wani shago ta kai baƙo ya buga mata. Ta teburina ya bi kafin a kai wa Dokta. Na buɗe na ga bugun banza, layi a karkace, haruffa a tsallake, irin abin da zan gyara kafin shayi ya huce. Na rufe na miƙa. Da na yi ritaya aka yi mini ɗan taro, aka ba ni agogon bango, mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna maganar amana. Dokta Rabi da aka zo kanta cewa ta yi Allah ya ba da hutu mai albarka, ta zauna.

Shekara goma sha huɗu muka yi a haka. Ta gama, ta yi aure, ta ƙara karatu, ta zama malama a wata kwaleji tana koyar da irin abin da Dokta take koyarwa. Kuka watse ɗaya bayan ɗaya. A ciwon ajalin mahaifiyarku, wata rana da la'asar ina yi mata fifita, Yagana ta ce:

"Malam, na ga akwatin ƙarfen nan a buɗe a makon da ka buga aikin Falmata. Ban iya karatun boko ba, amma na iya ganin ƙura."

Na fara magana, ta ɗaga hannu.

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Bayan rasuwarta gidan ya zama ni da agogon bango. In yi sallar asuba in dawo zaure, in zauna har inuwa ta bar ƙofa, ba mai cewa ga kunu. A irin wannan zaman ne na ɗauko Alƙur'anin da Baba ya rubuta, na kwance gafakarsa, na juya har takardar ƙarshe da ban taɓa kula da ita ba. A can ƙasa, da ƙaramin rubutu, ya sa cewa wane ɗan wane ne ya rubuta, ya ɗauka daga malaminsa wane, shi kuma daga wane, ya roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara ya yafe masa. Mutumin da na fake da tarbiyyarsa bai taɓa barin abu ba tare da sunan mai shi ba. Rabin maganarsa na riƙe, rabin da ya yi mini daɗi.

Dokta Rabi na fara nema, domin ta fi sauƙi. Ta yi ritaya, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Da na gama bayani ta ce:

"Na sani, Malam Bukar. Kwafi uku ne na kundin nan. Nawa yana gida, na laburare ba a fita da shi, na uku kai na ba wa."

"To, me ya sa ba ki tona ni ba, ranki ya daɗe?"

"Na tambaye ka, ka ba ni amsa. Na tambaye ta sau uku, har gidan gwaggonta na je. Ta ce in na kai sunanka gaban kwamiti za ta rantse ƙarya nake. Ni kuma ba na hukunci da zato, abin da yake a takarda da sa hannu shi nake dubawa." Ta gyara gilashinta. "Ka san abin da ya fi ɓata mini rai? Wurin da ka cire. Shekara ashirin ina jiran ɗalibin da zai ce na yi kuskure ya kawo hujja. Ita ta kawo, kuma ita ce da gaskiya. Ina shafukan?"

Na ce suna cikin akwati. Sannan na zaro wasiƙar da na yi kwana uku ina shiryawa don Falmata, na ce ta duba mini. Na haɗa ta ne da irin kalmomin da na saba bugawa a ofis, bisa la'akari da abin da ya wakana, ina mai matuƙar nadama, da sauransu. Ta karanta, hannunta ya kai kan biro ya dawo.

"Wannan ta wa ce? Na ga ta shugaban sashe, na ga ta magatakarda. Taka fa?" Ta ninke ta ta miƙo mini. "Rufe. Ka je ka faɗa da bakinka."

Washegari da hantsi na tafi gidan Falmata a Goron Dutse, a ƙafa, da shafukanta a aljihun babbar riga. Takardun sun yi ruwan ƙasa, amma jan biron Dokta yana nan a gefe inda ta rubuta madalla. Na same ta a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, tulin ayyukan ɗalibai a gabanta, jan biro a hannunta. Ta yi sauri za ta durƙusa, na ce ta zauna. Ta sa a kawo mini kujera, na ƙi, na zauna a ƙasa a bakin tabarmar. Na ajiye shafukan a kan tulin. Ta dube su, ta gane hannunta, ta ajiye biron.

Abin da ta ce mini daga baya nata ne, ba zan sa shi a rubutuna ba. In kuna so ku tambaye ta. Nawa dai ga shi, yadda ya fito, ba gyara:

"Uwata, ni na cire miki waɗannan. Naki sun fi, ban gane ba. Da aka tambaye ni na ce abin da aka ba ni na buga, kina tsaye kina ji. Na ji tsoron kunya, na bar ki kika ɗauka, shekara goma sha huɗu. Zan gaya wa 'yan'uwanki duka, da sunana a ƙasa. Ban zo in ce ƙaddara ba ce. Ni ne. Ki yafe mini."